Zanzibar: Paje ko Nungwi, kuma yaushe ake shiga ruwa kallon murjani?

Baban Ilham: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayata ga waɗanda suka san Zanzibar. Iyali ne na mutum biyar, manya uku da yara biyu, za su yi kwana shida. Abin da ake so shi ne a ga murjani da kifaye da gilashin fuska da bututun numfashi, irin wanda ake kwanciya a saman ruwa, ba nutso da tukunyar iska ba. Ejan ya kawo masauki biyu, ɗaya a Paje ɗaya a Nungwi, kuma na Paje ya fi sauƙin kuɗi. Mutum biyu ne kawai suka iya iyo, shi ma iyon dam. Wanne ya kamata a ɗauka, kuma a wane wata?

Ɗan Damagaram: Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin maganar kuɗin ɗaki, a fara duba yadda teku ke cika da janyewa, domin a Unguja, babban tsibirin Zanzibar, shi ne ke yanke hukunci. Sau biyu ruwa ke cika a yini da dare, sau biyu yana janyewa, tsakanin cika da janyewa awa 6 da 'yan mintoci. Kowace rana lokacin yana matsawa gaba da kamar minti 50. Idan yau ya cika da ƙarfe 9 na safe, gobe sai wajen 10 saura.

Gabashin tsibirin, wato Paje, Jambiani, Bwejuu har Matemwe, gaɓarsa a shimfiɗe take, kuma akwai katangar murjani can ciki da ke tare igiyar ruwa. Idan ruwa ya janye a Paje, yakan yi nisan da ya kai kilomita ɗaya ko fiye. Abin da zai rage a gaban masauki yashi ne jiƙaƙƙe, da 'yan kududdufai, da turakun gonakin ciyawar teku da matan garin ke nomawa. Wurin yana da kyan gani, amma ba na iyo ba ne a wannan lokacin. Nungwi da Kendwa kuwa, a ƙuryar arewa, gaɓar na da gangara, don haka ko ruwa ya janye ba ya nisa, musamman Kendwa. Mai kwana shida da yara, arewa ta fi masa.

Hajiya Uwar Biyu: Na yarda da batun arewa, amma kada Alhaji ya ɗauka daga ƙofar masauki zai faɗa ruwa ya tarar da murjani. Bakin Nungwi yawancinsa yashi ne da jiragen masunta. Murjanin da ya cancanci kallo sai an shiga kwalekwale, ko a Nungwi aka sauka ko a Paje. Amfanin Nungwi shi ne yara za su samu ruwan da za su saba da gilashi a kowane lokaci, kuma tsibiran Mnemba da Tumbatu suna kusa.

Ɗan Damagaram: Haka ne Hajiya. Ga kuma abin da zai sauƙaƙa lissafi: girman cikar teku yana bin wata ne. A farkon watan Musulunci da tsakiyarsa, wato wajen 1 zuwa 3 da kuma 15 zuwa 17, ruwa ya fi cika ya fi janyewa, bambancin yakan kai mita 4 a Zanzibar. A irin waɗannan ranaku janyewar takan faɗo da hantsi, daidai lokacin da baƙo ya karya kumallo ya fito da shirin iyo. Wajen 8 da 23 ga wata kuwa bambancin kaɗan ne, jan ruwa ma yana raguwa. Ga wanda bai ƙware ba, waɗannan ranakun da ruwa ke lafawa su ne nasa. A nemi jadawalin cikar teku na Zanzibar a intanet, ana samun na watanni masu zuwa, a ɗora ranakun tafiya a kansa kafin a biya tikiti.

Malam Mai Taswira: Saura iska. Iri biyu ce, kuma mutanen wurin da sunansu suke kiransu. Kaskazi na kaɗawa daga arewa maso gabas, daga Disamba zuwa Maris. Kusi na zuwa daga kudu, ta fi ƙarfi, ta fi tsananta daga Yuni zuwa Satumba. Babbar damina tana tsakanin ƙarshen Maris da Mayu, ƙaramar kuma wajen Nuwamba. Paje ta yi suna ne wajen masu wasan da iska ke jan su a kan allo da ƙatuwar lema, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna maka irin iskar da ke wurin. Abin da ke faranta musu rai shi ne ke cika wa mai bututu baki da ruwan gishiri.

Lokacin da teku ta fi lafawa shi ne tsakanin iskokin biyu: Oktoba zuwa farkon Nuwamba, sai kuma ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris. Afrilu da Mayu ɗakuna na araha, amma ruwan sama na iya cinye rabin kwanakin, ruwan teku kuma ya gurɓace. Kowane wata aka je, a fita da sassafe. Iska takan tashi bayan azahar.

Baban Ilham: Allah ya saka da alheri. To a ina murjanin ya fi kyau? Ejan Mnemba kawai yake ta ambata.

Malam Mai Taswira: Mnemba ƙaramin tsibiri ne kamar kilomita 3 daga gaɓar arewa maso gabas. Tsibirin kansa na masauki ne mai zaman kansa, ba a sauka a kai, a ruwan da ke kewaye ake tsayawa, kuma ana biyan kuɗin yankin kariya. Ruwan garai-garai ne, kifi da yawa, wani lokacin a ci karo da dabbar dolfin. Matsalarsa cunkoso. Da hantsi kwalekwale sukan taru a wuri ɗaya, injina na aiki, mutane na iyo a tsakaninsu. A wuraren da ba su da zurfi, inda ake sauke baƙi, za ka ga karyayyen murjani zube a ƙasa.

Idan za a je, a tashi daga Muyuni ko Matemwe da mota tun da safe, daga nan tafiyar ruwa gajeriya ce. Daga Nungwi a jirgin katako tafiyar ta fi awa ɗaya, kuma a lokacin iska yaro zai yi amai tun kafin a isa.

Injiniya Na Gwale: Ni a ganina idan murjanin kansa ake son gani, ba hoto ba, Chumbe ne wurin. Tsibiri ne a kudu maso yammacin Stone Town, tsohon birnin Zanzibar, kamar kilomita 12, tafiyar minti 45 a jirgi. Tun 1994 aka killace murjanin gefensa na yamma: ba kamun kifi, ba jefa anka, ba nutson tukunya don shaƙatawa. An ƙidaya nau'in murjani mai tauri sama da 200 a wurin. Mutane ƙalilan ake ɗauka a rana, sai an yi rajista tun da wuri, kuma ma'aikatan wurin ne ke shiga ruwa da ku da tayar da ake riƙewa. Akwai tsohuwar hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta 1904 da ƙaramin masallaci a tsibirin. Ya fi Mnemba tsada nesa ba kusa ba, amma fita ɗaya a can ta fi uku a wurin cunkoso.

Hajiya Uwar Biyu: Injiniya, daga Nungwi zuwa Stone Town fa kilomita 60 ne, awa ɗaya da rabi a mota. Ba za a taso yara da asuba a yi wannan tafiyar sannan a shiga jirgi ba. Sai dai a raba kwanakin: huɗu a arewa, biyun ƙarshe a cikin gari, ranar Chumbe ta faɗo a ciki. Hakan ma ya fi, domin kafin lokacin kowa ya saba da kayan.

Injiniya Na Gwale: Wannan tsarin ya yi, Hajiya. Bari in shiga maganar kaya, domin a nan ake yawan ɓata tafiya.

Gilashi: a ɗora shi a fuska ba tare da an sa igiyar ba, a ja numfashi kaɗan ta hanci, a saki hannu. Idan ya manne, ya dace da fuskar. Idan ya faɗo, a canza. Ɗaure igiya tamau ba ya hana yoyo, lanƙwasa robar yake yi ya ƙara shi. Igiyar a saman ƙeya take zama, ba a kan kunne ba. Gashin baki na buɗe hanyar ruwa a ƙarƙashin hanci, sai a rage layin da ke manne da hancin kawai, gemu ba ruwansa. Haka gefen ɗankwali ko hular iyo, idan ya shiga ƙarƙashin robar, ruwa zai bi ta nan.

Sabon gilashi yana zuwa da wani maiƙo daga masana'anta wanda ke sa shi yin hazo. A goge cikinsa da farin man goge baki da yatsa, a ɗauraye, a maimaita. Wannan ga mai ainihin gilashi ne, na roba zai karce. Kafin kowace shiga kuma, ɗigon sabulun wankan jarirai ko yawu a cikin gilashin yana bushe, a shafa, a ɗauraye sau ɗaya.

Bututu: tsawonsa bai wuce santimita 40 ba, kuma da dalili. Iskar da ka fitar wani ɓangarenta na zama a ciki, ka sake shaƙarta. Mai haki sama-sama tsohuwar iskar yake ta juyawa, sai ciwon kai da jin kamar ana shaƙe shi. Numfashi a hankali, mai zurfi, ta baki. Idan ruwa ya shiga, a furzar da ƙarfi sau ɗaya, numfashin da ke biye a ja shi a hankali, harshe na tokare da saman baki don ya tare ragowar.

Maman Haidar: Me ya sa ba za a saya musu mai rufe fuska gaba ɗaya ba? Ana numfashi ta hanci yadda aka saba, ba a cizon komai, kuma masu tsoro sun fi sakewa da shi.

Injiniya Na Gwale: Sun fi sakewa a minti goman farko, gaskiya ne. Amma sararin da ke cikinsa ya fi na bututu girma, kuma duk aikin raba sabuwar iska da tsohuwa ya rataya a kan wasu 'yan bawul da robar da ke zagaye hanci da baki. A mai araha, ko wanda bai dace da fuska ba, iskar na cakuɗewa. Ga shi ba a iya toshe hanci da shi, ba a kuma iya tofar da shi da sauri idan an firgita. Ga yaro mai ƙaramar fuska ban ba da shawararsa ba sam.

Maman Haidar: Ban ƙi ba game da yara. Amma babba da zai kwanta a ruwa mai lafiya da rigar ceto, da na kamfani mai kyau, ban ga laifinsa ba. Wanda ya kasa jure bututu a baki, ko dai wannan ko ya zauna a jirgi.

Likita Ɗan Borno: Ku duka kuna da hujja. Sharaɗin dai shi ne kada a yi iyo mai wahala da shi, kuma a riƙa cire shi ana shan iska. Ni abin da ya fi tsaya mini a tambayar Alhaji shi ne iyon dam. Wanda ya koyi iyo a dam ko kogi, kansa a sama yake yi, jiki a tsaye, ƙafa na tuƙi a ƙasa. A kan murjani wannan salon ne ke jawo ɓarna biyu: ya gajiyar da mai shi, ƙafarsa kuma ta daki murjanin ta tayar da yashi. Ruwan teku na da gishiri kamar giram 35 a kowace lita, yana ɗaga jiki fiye da ruwan daɗi. Abin da za a koya shi ne kwanciya rub da ciki, fuska a ruwa, hannu a sake, ba motsi. A yi wannan a ruwan da bai wuce ƙugu ba, a kan yashi, kwana biyun farko, minti 15 zuwa 20 a kowace shiga. Takalmin iyo kuma daga cinya ake kaɗa shi, gwiwa kusan a miƙe, ba kamar tuƙin keke ba.

Rigar ceto ga duka biyar ɗin, har da masu cewa sun iya. Ta yara a saya a tafi da ita, mai igiyar da ke bi ta tsakanin ƙafafu, domin ta jirgi yawanci ta manya ce, yaro na shiga ruwa sai ta haye masa kunne.

Hajiya Uwar Biyu: Likita ya taɓo inda nake so. Mata, don Allah kada a shiga teku da abaya ko dogon hijabi ko zani. Yadi idan ya sha ruwa nauyi yake yi, ya naɗe ƙafa, mayafi kuma ya taso ya rufe bakin bututu. Akwai kayan iyo na sutura: dogon wando mai kama ƙafa, riga mai dogon hannu da ta sauko cinya wadda ake ɗaure ta da wandon don kada ta tashi, da hula mai rufe wuya. A saya tun daga gida a gwada. Zanzibar garin Musulmi ne, ba wanda zai kalle ki don kin rufe jiki, hasali ma a cikin ƙauyuka ana buƙatar baƙi su rufe kafaɗa da gwiwa.

Maza ma su sa riga. Baƙar fata na ƙonewa, kada a ruɗi kai. Mai kwance a ruwa awa guda, ƙeyarsa da bayan ƙwaurinsa ne ke kallon rana, kuma sanyin ruwa ba ya bari ya ji sai dare.

Malam Mai Taswira: Rigar ta kuma rage yawan man kariyar rana da ake wankewa a kan murjani. Ƙasar Palau ta hana sayar da masu sinadarin oxybenzone da octinoxate a 2020, jihar Hawaii ta Amurka ta bi a 2021. A duba bayan kwalba, a ɗauki mai zinc oxide, a shafa minti 20 kafin shiga.

Amma kada a ɗora wa man kariyar rana laifin da ba nasa ba ne shi kaɗai. Murjani dabba ce, ƙananan halittu ne jingim da ke gina wa kansu ƙashi na farar ƙasa, kuma a cikin namansu akwai wani gansakuka ɗan mitsitsi da ke samar musu da mafi yawan abincinsu daga hasken rana. Shi ne ma ke ba su launi. Idan zafin ruwa ya ɗara na lokacin zafi da digiri 1 kacal ya daɗe makonni, sai su kori gansakukan, su yi fari fat. Ba su mutu ba tukuna, yunwa suke ji, idan ruwa ya huce da wuri suna farfaɗowa. Haka ta faru a 1998, wadda ta yi wa yammacin Tekun Indiya mummunar ɓarna, ta sake faruwa a 2016 da 2024. Murjani mai rassa na iya ƙaruwa da santimita 10 a shekara, mai kama da curin dutse kuwa kamar santimita 1. Curin da mutum zai taka don ya gyara gilashinsa, mai faɗin mita ɗaya, ya girmi mai takawar. Mai son gyara gilashi ya juya rigingine, ko ya nemi farin yashi.

Baban Ilham: Yaran sun riga sun ce za su kawo wa 'yan ajinsu tsarabar murjani da katantanwa.

Malam Mai Taswira: A lallashe su da wata tsarabar, Alhaji, ga kanumfari da kirfa nan cike da kasuwar Darajani. Murjani mai tauri na cikin jerin CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin halittun da ake karewa, fitar da shi daga ƙasa sai da izini, ko da matacce ne aka tsinta a yashi, ko a hannun mai talla aka saya. Ana iya ƙwacewa a filin jirgi.

Likita Ɗan Borno: Akwai ma dalilin lafiya. Katantanwa mai siffar mazurari, mai zane mai kyau, idan da rai tana harbi da dafi mai haɗari. Dokar yara ɗaya ce: ba a ɗaukar komai, ba a taɓa komai.

Raunin da aka fi samu shi ne ƙayar bushiyar teku, baƙar nan mai dogayen ƙayoyi da ke ɓuya a ramukan dutse da cikin ciyawa, musamman ga masu yawo a gabas bayan ruwa ya janye. Takalmin roba mai kaurin tafi ne maganinta, silifa ba ta tare komai. Idan ta soki mutum, a tsoma ƙafar a ruwan zafi wanda hannu mai lafiya zai iya jurewa, kada ya wuce digiri 45, na minti 30 zuwa 90. A cire ƙayoyin da suka fito da hantsaki a miƙe, domin karyewa suke yi. Kada a bi ragowar da allura ana haƙa. Wadda ta shiga gaɓa, ko wurin ya kumbura ya yi ja bayan kwana biyu, sai asibiti. Harbin kifi mai kama da dutse, da mai dogayen ƙayoyi masu ratsi, da mai faɗi mai ƙaya a wutsiya, duk ruwan zafi ne taimakon farko, amma su asibiti ake wucewa kai tsaye. A ruwa marar zurfi a riƙa jan ƙafa a yashi, mai faɗin zai ji ya gudu.

Yankan murjani ƙarami ne a ido amma yana saurin ruruwa, saboda ɓarɓashi da nama mai rai da ke maƙalewa a ciki. A wanke da ruwa mai tsafta da sabulu sosai, a cuɗa har ɓarɓashin ya fita, a sa maganin kashe ƙwayoyin cuta. Harbin halittar nan mai yauƙi mai zare-zare kuwa akasin haka ne: da ruwan teku ake ɗaurayewa, ba ruwan daɗi ba, kuma ba a murzawa, domin murza da ruwan daɗi na fasa ragowar ƙwayoyin dafin.

Maman Haidar: Likita, mai sikila fa? Ko mai asma?

Likita Ɗan Borno: Tambaya mai kyau, kuma ta shafe mu sosai. Ruwan Zanzibar na da ɗumi, tsakanin digiri 25 da 29, amma daɗewa a ciki da iskar jirgi a kan jiƙaƙƙen kaya na sanyaya jiki. Sanyi, ƙishirwa da gajiya su ne masu tayar da ciwon sikila. Sai an ga likitansa kafin tafiya. Idan ya amince, shiga gajeriya, ruwan sha da yawa, busasshen tawul na jira a jirgi, ba riƙe numfashi. Mai asma ya bar maganin shaƙarsa a jirgi, ba a ɗaki ba. Mai hawan jini ko ciwon zuciya, idan ya ji numfashi ya yi masa wuya farat ɗaya, ko tari ya taso, ko ƙarfinsa ya zube, ya cire bututu ya juya rigingine ya ɗaga hannu. Ruwa na iya taruwa a huhu ko da bai shaƙi ko ɗigo ba.

Masu son leƙawa ƙasa kuma: tun daga mita 2 kunne ke fara zafi. A toshe hanci a hura a hankali kafin zafin ya zo, idan bai buɗe ba a dawo sama. Mai mura ya haƙura. Kuma kada a yi ta jan numfashi da sauri kafin nutso da nufin a daɗe, wannan na kashe alamar da ke gaya wa jiki ya nemi iska, mutum ya suma a ƙasa ba tare da ya ji komai ba. Ɗaya na ƙasa, ɗaya na sama yana kallonsa.

Ɗan Damagaram: Ƙari kan jan ruwa. A gabas, katangar murjani na da ƙofofi, kuma idan ruwa ya fara janyewa ta nan duk ruwan da ke ciki ke fita da gudu. Kada a kusanci ƙofa a wannan lokacin. Wanda ruwa ya ja kada ya yi kokawa da shi kai tsaye, ya yi iyo a gicciye har ya fita daga layin. Masu tattaki zuwa katangar kuma su juyo da zarar ruwa ya fara dawowa, yana cika ramukan da ke bayanka kafin ka lura.

Kafin a biya mai jirgi a tambaye shi abu huɗu: rigar ceto nawa ke ciki, akwai tsani na hawowa, wa zai shiga ruwa da ku, kuma kuɗin yankin kariya na cikin farashin ko daban. A ce masa ya kashe inji kafin kowa ya sauka ko ya hau. Wanda ya ce zai watsa burodi don kifi su taru, ko zai ciro tauraron teku a yi hoto, a ce masa a'a.

Baban Ilham: Na gode ƙwarai. Ke nan Kendwa ko Nungwi kwana huɗu, cikin gari kwana biyu, a Oktoba. Akwai abin da ya rage ta fuskar takardu?

Hajiya Uwar Biyu: Uku. Katin rigakafin ciwon shawara, domin daga Najeriya ko Nijar za a fito. Inshorar da gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi tun 1 ga Oktoba 2024, wadda aka fara da dala 44 ga babba, ana saye a intanet, kuma inshorar wani kamfani ba ta maye gurbinta. Sai biza: fasfon Najeriya na cikin waɗanda sai an tura buƙatarsu an tantance kafin a amince, ba a samu a filin jirgi, kuma tana ɗaukar makonni. A nema da wuri, kada a biya ɗakin da ba a mayar da kuɗinsa sai ta fito.

Ɗan Damagaram: Idan ta fito, Alhaji, ku turo ranakun a nan a duba muku su da jadawalin ruwa kafin a tsayar da ranar Mnemba.